Wace manhaja zan sa don in gano wayata in an sace? Amsa daga teburin mai gyaran waya

Wani bawan Allah mai sana'ar hatsi daga Ƙaura Namoda ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: sau biyu ana ɗauke mashi waya, ta farko cikin kasuwa, ta biyu wurin ɗaurin aure, kuma a ta biyun kafin ya farga har an taɓa kuɗin da ke asusunshi na banki. Yanzu ya sayi sabuwar Tecno, yana son a faɗa mashi manhajar tirakin da zai sauke, wadda in an ɗauke wayar zai ga inda take ya je ya karɓo abarshi.

Alhaji Allah ya mayar maka da mafi alheri. Gyaran waya ne sana'ata nan Gusau, kuma masu zuwa da irin wanga kuka ba su yankewa a teburina, musamman ranar Asabar da safe bayan an sha cunkoson Juma'a da ɗaure-ɗauren aure. Babu wata manhaja da zaka sauke daga waje, kada ma ka ɓata datarka. Wadda ke aikin tana nan cikin Tecnon taka tun daga kamfani, kunna ta kawai za'a yi, zan zo kanta. Amma ni abin da ya tsaya mani a rai cikin tambayarka ba wayar bace, kuɗin nan ne da anka taɓa, don wannan ba rashin tirakin ya jawo shi ba, layinka ne anka samu a buɗe. In ka bar shi yadda yake, ko wace irin manhaja ka sa, ranar da anka sake ɗaukar wayar (Allah ya kiyaye) abin da ya faru shi zai sake faruwa.

Ɓarawon waya na yanzu ba ya tsayawa kokawa da fasuwod ɗinka. Kashe wayar yake yi nan take, ya samu lungu ya zare sim da allura ko fil, ya jefa shi cikin ƙaramar waya irin rakani-kashin nan, shikenan ya zama kai. Duk saƙon da banki zai turo wurinshi zai zo, duk lambar sirrin nan ta wucin gadi da ake turowa kafin a saki kuɗi wurinshi zata zo. Sai ya zauna yana danna lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya, *737# *894# *919# *901# *966# har ya faɗa kan wanda ya gane layin. Lambar BVN ɗinka ma da layin ake tambayarta a turo, kaga kenan wanda ke riƙe da layin rabin aikin ya ƙare mashi. Daga nan ko ya sayi katin waya da kuɗinka, ko ya nemi canza fin, ko ya shiga manhajojin nan masu ba da bashi ya ciwo bashi da sunanka, bayan wata ɗaya ka ji ana kiran surukinka ana cewa ka ci kuɗin mutane. Kai kuma a lokacin kana can kana kiran layin ana ce maka a kashe take, kana cewa bari gari ya waye in je ofis. Mutane na sa ƙaton kwaɗo a ƙofar shago su bar makullin sito rataye a waje, haka sa fasuwod a sikirin ba tare da kulle sim ba yake.

To kulle sim ɗin nan shi ne aikin farko, kuma ba ya cin minti biyar, ba ya cin ko naira. Ka shiga setin, wurin bincike ka rubuta SIM lock, zai kai ka inda ake kunnawa. Zai tambaye ka fin ɗin da kamfanin layi ya saka tun farko, kowane kamfani da nashi, don haka kada ka yi ta canki-canka, ka tambayi ofishinsu ko ka kira 300 da layin su faɗa maka. Dalili kuwa, in ka yi kuskure sau 3 layin zai kulle ya nemi wata lamba mai suna PUK mai guda 8, wadda ke rubuce jikin faffaɗan katin nan da ka ɓallo sim daga cikinshi ranar da ka saya, in kuma ka yi kuskuren PUK sau 10 sim ɗin ya mutu kenan har abada sai an yi maka sabo. Shi yasa kafin ka fara ka nemo katin nan ka aje kusa. Bayan ka kunna sai ka canza fin ɗin zuwa naka, don na kamfani ɓarayi sun fi ka saninshi. Daga ranar duk lokacin da anka kashe wayar anka kunna, ko anka cire sim ɗin anka sa a wata, ba zai kawo sabis ba sai an sa fin. Ɓarawo ya gwada sau uku ya kulle kanshi waje. Na san abin da mutane ke cewa, wai yana da takura, kullum caji ya ƙare sai ka sa lamba. Eh haka ne, lamba huɗu ce, ka kwatanta da zaman da ka yi a banki kana cike takarda.

Akwai inda kullen sim ba ya taimako, gara in faɗa maka. In wayar na kunne kuma sikirin a buɗe, ko ƙaramar waya ce wadda babu kulle ko ɗaya a kanta, ɓarawo baya buƙatar cire komai, nan cikinta zai yi aikinshi. Wanga shi ne kuskuren da 'yan kasuwa da yawa ke yi, sun ji an ce a raba layin banki da babbar waya, sai su sa shi cikin 'yar ƙaramar itel su bar ta haka nan ba kulle, wadda ko yaro ya ɗauka zai danna. Ƙananan wayoyin nan ma suna da kullen waya cikin setin ɗinsu, a kunna shi tare da na sim. A babbar waya kuma ka hana saƙo bayyana a fuskar sikirin in tana kulle, don sau da yawa lambar da banki ya turo tana fitowa ɓaro-ɓaro a sama ba sai an buɗe wayar ba.

Tunda hatsi kake saye da sayarwa na san ba zaka iya barin layin banki gida ba, dole ka ga alat kafin a ɗora buhu a mota. Shawarar da nake ba irinku ita ce asusu biyu. Ɗaya na kasuwa, wanda ke haɗe da layin da ke hannunka, kuɗin cinikin ranar kawai ke zama ciki, da yamma ka tura su gaba. Na biyun shi ne rumbu, layinshi daban, yana gida cikin akwati da fin a kanshi, ba'a kira da shi, ba'a buɗe WhatsApp da shi, ba kowa ya san lambar ba, sai dai ka riƙa sa mashi kati kana ɗan amfani da shi lokaci-lokaci don layin da ya daɗe a kwance kamfani na iya karɓe shi ya sayar ma wani. Ka je bankin da kanka ka ce su rage iyakar abin da za'a iya fitarwa a rana, in ma ba ka amfani da lambobin dannawa a kan babban asusun ka ce su rufe su gaba ɗaya. Ko an ɗauke wayar kasuwa, asarar tana da iyaka.

Sai kullen sikirin. Fatan ɗin nan na zane ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wayar da anka kawo mani gyara, in na karkata ta wajen haske sau da yawa ina ganin sawun yatsa kwance a kan gilashin, maiƙon hannu ya zana shi tsaf, galibi kuma ko L ne ko Z ko harafin farko na sunan mai wayar. Wanda ke tsaye bayanka a layin mai POS kallo ɗaya zai yi ya haddace. Ka sa lamba 6 aƙalla, ba shekarar haihuwa ba, ba ƙarshen lambar wayarka ba, ba 123456 ba, kuma dan Allah kada ta zama ita ce ta manhajar banki, wanga shi ne ke kashe mutane, lamba ɗaya ta sikirin ta ATM ta OPay ta komai. Cikin jama'a ka riƙa buɗewa da yatsa don kada a ga abin da kake dannawa. Masu aikin hannu yatsansu kan goge wayar ta ƙi ganewa, mata ma in sun sha lalle haka, to a yi rajistar yatsa biyu ko uku. Lokacin da sikirin ke ɗauka kafin ya mutu da kanshi ka mayar da shi daƙiƙa 30.

Yanzu ga abin da ka tambaya. Kusan kowace waya mai Android tana da tsarin Google na neman waya, da can sunanshi Find My Device, a 2025 sunka canza mashi suna zuwa Find Hub. In yana kunne, ka ari ko wace waya ko kwamfuta ka shiga android.com/find da Gmail ɗinka, zaka ga inda wayar take ko inda anka ganta na ƙarshe, zaka iya sa ta yi ƙara, ka kulle ta, ko ka goge duk abin da ke ciki. Amma ka lura da abin da na ce, da Gmail ɗinka. Nan ne ake faɗuwa. Mafi yawan masu zuwa wurina in na ce mi ne Gmail ɗinka sai su ce ai yaron shagon da na sayi wayar ne ya buɗe mani, fasuwod fa, wallahi shi ya sani. Yaron kuma ya buɗe ma mutum ɗari, ina zai tuna. Wanda bai san Gmail ɗinshi da fasuwod ba bashi da tirakin, ko da wayar miliyan ce a hannunshi. Yau ɗin nan ka zauna da wanda ka yarda da shi ku duba adireshin, ku canza fasuwod, ka rubuta a takarda ka aje inda kake aje takardun gona. Kuma ka ƙara lambar wani na gida, uwargida ko ƙanenka, a matsayin lambar ceto, don in Google ya ce zai turo lambar tabbatarwa zuwa layin da ke hannun ɓarawo kaga an koma gidan jiya.

Gmail ɗin nan yana da wani amfani da mutane ba su sani ba. Tun Android 5.1 akwai kariyar da in anka goge waya da ƙarfi ba ta hanyar setin ba, in ta tashi sai ta nemi Gmail ɗin da ke kanta a da. A iPhone ma akwai irinta tun 2013, tasu ta fi tsauri nesa ba kusa ba, shi yasa iPhone ɗin sata galibi sai dai a yi gunduwa-gunduwa da ita a sayar da kayan. Ba zan ce maka ta Android ba'a ƙetare ta ba, ana yi a wasu wayoyin, amma tana rage ma wayar daraja a hannun ɓarawo kuma tana tilasta mashi ya kai ta wurin mai filashin, inda ake iya yi mashi tambaya.

Daga ƙarshen 2024 Google ya ƙaro wasu abubuwa uku a wayoyi masu Android 10 zuwa sama, ka rubuta Theft protection a binciken setin zaka gansu, kuma ba su zuwa a kunne sai ka kunna. Na farko in wayar ta ji an fizge ta an ruga da gudu ko bisa mashin sai ta kulle kanta. Na biyu in an raba ta da intanet na wani lokaci ta kulle. Na ukun shi na fi so, ka shiga android.com/lock daga wata waya ka sa lambar wayarka kawai ta kulle, ba sai ka tsaya tuna fasuwod ba lokacin da hankalinka ya tashi. Sai dai ƙananan wayoyi masu Android Go, irin su itel da yawa da Tecno masu sauƙin kuɗi, basu da wannan, in ka duba baka gani ba ba laifinka bane. Masu iPhone nasu sunanshi Stolen Device Protection, ya zo a Janairun 2024.

Duk da haka kada ka ɗora rai a kan taswira. Tirakin galibi na buƙatar wayar na kunne, da data, da sabis, ɓarawo kuma abin da ya fara kashewa kenan. Ga mu kuma a jihar da ka bar babban titi kaɗan sabis ya ɗauke, ka tuna Satumban 2021 da anka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, nan Gusau sai farkon Oktoba anka maido, wanda anka sace ma waya a lokacin ko kiran banki ba shi iyawa. Ko ta nuna maka wuri ma unguwa take nunawa ko jerin gidaje, ba ɗaki ba, ba aljihu ba. Kada ka kwashi yara ku tafi gidan mutane da hoton taswira, ko ka zargi wanda bai ji ba bai gani ba, ko ka faɗa hannun masu wuƙa. Ka ɗauki hoton ka kai ma 'yan sanda.

Wanda ya fi dawo da waya a gaskiya IMEI ne. Ka danna *#06# yanzu, lamba 15 zata fito, waya mai sim biyu guda biyu zata nuna, su ne kuma ke jikin kwali. Ita ce shaidar wayar kanta, duk layin da anka sa a ciki kamfanin sadarwa na ganin wace waya ce ke ɗauke da shi. Amma kamfani ba zai ba ka wannan bayanin ba, jami'an tsaro ake ba ta hanyar hukuma, abin kuma na ɗaukar lokaci da zirga-zirga, wani a dace wani a'a. Su kuma waɗanda ke talla a Facebook da TikTok wai turo IMEI da dubu biyar mu gano maka wayarka cikin awa ɗaya, sata ta biyu ce kawai, babu manhajar da ke hannun ɗan kasuwa da ke ganin waya da IMEI. Ka aje kwali da rasit, in babu su ko an kamo wayar sai ka sha wahalar nuna taka ce.

Hana ɗaukar tun farko kuwa kai ka fi ni sanin kasuwa, amma bari in faɗi abin da nake ji daga bakin waɗanda abin ya faɗa mawa. Aljihun gefe na kaftani shi ne abincin 'yan sane, baki a buɗe, rigar na lilo nesa da jiki, ba zaka ji komai ba. Kuma lokacin da suke jira sananne ne, lokacin da hannuwanka biyu ke sama ko kai ke ƙasa: an shafa fatiha kowa na kutsawa ya gaisa da ango da waliyyai, an sallame Juma'a an duƙa neman takalmi a ƙofa, ana rububin shiga mota a tasha, ana ɗaukar gawa, ana taron siyasa. Ranar kasuwa kamar Talatar Mafara ko Alhamis ɗin Shinkafi, inda kafaɗa ke gugar kafaɗa, wanda ya bangaje ka ya tsaya yana ba ka haƙuri da yawa ba lallai shi ya ɗauka ba, na bayanka ne. Ka ba tela ya yi maka aljihu ta ciki mai zif a gaban riga ko a wando, kuɗin ɗinkin bai kai na gilashin sikirin ba. Wurin alwala kada ka ɗora waya bisa katanga ko bakin famfo, nan kam ba ma sai ɓarawo ba, mantuwa kaɗai ta isa.

Na dare kuma daban. Lokacin zafi, Maris da Afrilu, an bar taga a buɗe ko an fito tsakar gida an kwanta, an kawo wuta ƙarfe biyu an jona caji bakin taga, haskenta kaɗai ya isa ya kira mai tsallaka katanga, da sanda ake jawo ta ta cikin ƙarfen tagar har da cajar. Wurin masu cajin kuɗi kuma ka kashe wayar kafin ka miƙa, ka karɓi lambarka ka riƙe da kyau, in layin banki na ciki ka zare shi ka tafi da abinka. Haka in ka kawo gyara, ko wurina ne, ka cire sim da memori, mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba, shi ma ka sauke mashi nauyi. Mai cewa ara mani wayarka in yi kira ɗaya, in ka ga dole ka taimaka, kai ka danna lambar ka sa a sifika wayar na hannunka. Cikin keke napep ko bisa kabu-kabu kada ka riƙe waya ta gefen titi kana latsawa.

In kuwa da makami anka zo, miƙa. Ba jarumta a nan, mun ga yadda ƙwacen waya ya ci rayukan matasa a garuruwan Arewa saboda wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Amfanin duk kulle-kullen nan da na lissafa kenan, ka iya miƙa ta ba tare da ka miƙa jarinka ba. Kuma a yanayin hanyoyinmu, mai yawan tafiya ya riƙa goge alat ɗin da ke nuna abin da ya rage a asusu, ba kowa ya kamata ya san nauyin aljihunka ba.

In ta faru, jerin yadda zaka yi yana da muhimmanci don mutane na juya shi, su fara da caji ofis su ƙare da banki. Banki ne farko. Ka ari waya nan inda kake tsaye, bankuna da yawa suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga ko wace waya a rufe asusu, galibi lambar bankin ce a ƙara 911, misali Access *901*911#, Zenith *966*911#, First Bank *894*911#, ka tambayi naka bankin tasu tun yanzu, har su OPay da Moniepoint in kana da su, ka rubuta a 'yar takarda tare da lambar asusun, takardar kuma ba cikin bayan kwandon wayar ba kamar yadda wasu ke yi har da katin ATM da katin ɗan ƙasa a ciki. Sai layi, ka samu mai irin layinka ka kira 300 ka ce a rufe. Sai ka kulle wayar ta Google. Gogewa kuma kada ka yi gaggawarta in akwai kulle mai ƙarfi a kai, don in ka goge ka daina ganin inda take, amma in ka san a buɗe anka fizge ta, goge kawai. Sai ka sanar da gida da abokan ciniki cewa duk wanda ya ga saƙo da sunanka ana neman kuɗi ba kai bane. Bayan nan ne zaka ɗauki kwali da rasit ka tafi ofishin 'yan sandan yankin da abin ya faru.

WhatsApp na dawowa da zarar layinka ya dawo, kana sa lambar nan 6 da za'a turo a sabuwar waya zai fita daga tsohuwar. Amma ka kunna fin ɗinshi na mataki biyu tun yanzu, yana cikin setin ɗin WhatsApp ƙarƙashin Account, don in ɓarawo ya riga ka sawa sai ka jira kwana 7. Lambobin mutane kuma a Gmail zaka riƙa ajewa ba a sim ko cikin waya ba. Na ga dattijon da bai damu da wayar ba ko kaɗan, abin da ya sa shi zama bisa benci ya dafe kai shi ne lissafin bashin da yake bin mutane, duk a cikinta yake, ba littafi ba komai.

Wurin walkam bak, wato maido da layin da ya ɓace a sabon sim, akwai tarkon da ya kamata ka duba tun kafin ranar. Tun da anka fara haɗa layi da NIN a Disambar 2020, mai NIN ɗin da ke kan layi shi ne mai layi, shi za'a ɗauki hoto ko yatsanshi kafin a ba da sabon sim. In layin da bankinka ya sani da sunan ɗanka anka yi rajista, ko wani yaron bakin titi ya sayar maka da shi da rajistarshi, ranar da ya ɓace ba kai zasu saurara ba. Mata sun fi shiga wanga, layi da sunan miji ko ƙane, shi kuma yana Legas ko Abuja. A gyara tun ana zaune lafiya. In zaka je ka tafi da NIN, da katin sim ɗin in yana nan, in babu akan nemi takardar rantsuwa ta kotu, kuma zasu tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin da ka sa na ƙarshe.

Abu ɗaya da ya shafe mu duka, wayar sata ba ta da amfani sai da mai saye. In tirakin ya yi aiki, wanda ake kamawa galibi ba ɓarawon bane, mutum na uku ne ko na huɗu da ya ga araha ya saya a tasha, shi zai kwana a sel yana rantsuwa, kuma a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kanshi, balle a addini. In zaka sayi ta hannu, a shago sananne, a danna *#06# a gabanka ta yi daidai da kwali, mai ita ya cire Gmail ɗinshi da hannunshi ya goge ta a kunna kana kallo, a rubuta rasit da IMEI da sunanshi da lambarshi da shaida. Ni wanda ya kawo mani waya a kulle ya ce ya manta fasuwod kuma ya manta Gmail kuma kwali ya ɓace, haƙuri nake ba shi.

Kuɗin da anka riga anka cire maka kuma, in baka yi ba ka rubuta ma bankin ƙorafi a takarda, da ranar da lokacin da anka sace wayar da kwafin rahoton 'yan sanda, ka nemi su ba ka lambar ƙorafin da bayanin asusun da kuɗin sunka shiga. In mako biyu ya wuce basu warware ba kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya (CBN), suna da reshe nan Gusau. Ba alkawari nake maka zasu dawo ba, in da fin ɗinka anka fitar bankin zai yi ta jan magana, amma asusun da kuɗin sunka faɗa yana da BVN ɗin wani a kanshi, kuma 'yan sanda na iya bin wannan sawun.